Ina Masu Ziyara Suka Tafi? Nazari a Kan Tsofaffin Hotunan Gidajen Kami na Japan

Hausawa su kan ce gani ya kori ji. Tun da aka ƙago hoto kuwa sai mutane suka ƙara sakankancewa da wannan magana, har ya zama in gardama ta tashi a kan wani wuri mai nisa, wanda ya fito da hoto shi ne mai gaskiya. Mai ba da labari ya kan ƙara gishiri, mai zane ya kan bi son ransa, amma akwatin ɗaukar hoto, in ji su, ba shi da baki balle ya yi ƙarya. Ina so mu gwada wannan magana a kan waɗansu tsofaffin hotuna da aka ɗauka a ƙasar Japan tsakanin 1860 da 1900, na wuraren ibadar addininsu na gargajiya wanda a ke kira Shinto. Hotunan nan dubbai ne, suna nan ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka, da kuma ɗakin littattafai na Jami'ar Nagasaki. Wajen kyau ba a magana. Amma duk wanda ya daɗe yana dubansu, akwai tambayar da ba za ta bar shi ya huta ba, watau ina mutane?

Kafin mu shiga, ya kamata mai karatu ya san irin wurin da a ke magana a kansa. Mutanen Japan sun gaji imani da waɗansu abubuwa masu tsarki da su ke kira kami. Akwai kami na rana, akwai na dutse, da na kogi, da na tsohon itace, wani kuma ruhun wani babban mutum ne da ya shuɗe. Gidan da a ke gina wa kami sunansa jinja. Mu a nan za mu riƙa ce masa gidan kami, don mu bambanta shi da haikalin Buddha, wanda addininsa ya shigo Japan ta hanyar Koriya a ƙarni na 6. Yau akwai gidajen kami wajen 80,000 a ƙasar. Alamarsu ita ce wata ƙofa da a ke kira torii, ginshiƙai biyu a tsaye, biyu a gicciye bisa kansu, ba ƙyaure. Mai ziyara ya kan bi ta ƙarƙashinta, ya tsaya a wani kwamin dutse ya wanke hannu ya kurkure baki, ya ƙarasa gaban zauren, ya jefa kuɗi cikin akwati, ya kaɗa ƙararrawa, ya rusuna, ya tafa hannu, ya roƙi abin da ya kawo shi, ya juya. Duk wannan bai wuce 'yan mintoci ba. Can ciki kuwa akwai ɗaki a rufe inda a ke ajiye abin da kami ya ke sauka a kansa, ko madubi, ko takobi, ko dutse. Mai ziyara ba ya shiga, ba ya kuma gani. A riƙe abubuwan nan biyu: ibadar duk motsi ce, abin da aka zo dominsa kuma a ɓoye ya ke. Dukansu biyu ba su shiri da akwatin hoto na wancan zamani.

Wuraren nan ba kufai ba ne. A shekarar 1830 mutum fiye da miliyan 4 suka tafi ziyara babban gidan kami na Ise cikin 'yan watanni, alhali kuwa jama'ar ƙasar duka ba su fi miliyan 30 da wani abu ba. Bara ya kan ajiye aikin ubangijinsa ya bi ayari, ba guzuri, mutanen hanya na ciyad da shi. A shekarun da ba a yi irin wannan tururuwa ba, mutanen ƙauye su kan yi adashi, su jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya tafi a madadin saura. Har ma akwai wanda in ya kasa tafiya sai ya ɗaura wa karensa kuɗi a wuya ya sake shi cikin masu ziyara, su kai shi su komo da shi. Masu zanen Japan, irin su Hiroshige wanda ya rasu a 1858, in za su zana irin waɗannan wurare su kan cika takarda da jama'a: masu talla, da masu shayi, da mata da yara, da tsofaffi masu dogara sanda. To, ka ajiye zanen nan gefe ɗaya, ka ajiye hoton da aka ɗauka bayan shekara goma a ɗaya gefen. A hoto sai ka ga fili fetal, da matakala, da itatuwa, da mutum biyu ko uku tsaye ƙiƙam kamar an dasa su. Wane ne mai gaskiya, mai zane ko mai hoto? A wannan magana dai, ni na ba mai zane.

Dalili na farko yana cikin akwatin kansa. Dabarar da a ke aiki da ita a lokacin wani Bature ne na Ingila, Frederick Scott Archer, ya fito da ita a 1851. Mai hoto ya kan ɗauki falon gilashi ya zuba masa wani ruwan magani mai danƙo, ya tsoma shi cikin ruwan azurfa a cikin duhu, ya sa shi a akwati yana jiƙe, ya buɗe ido ya rufe, sa'an nan ya ruga ya wanke shi tun bai bushe ba. In ya wuce kamar minti goma ko sha biyar, aiki ya ɓaci. Sabo da haka duk inda za shi sai da 'yan dako ɗauke da baƙar tanti, da kwalabe, da gilasai, da ruwa. Idon akwatin kuwa sai an bar shi a buɗe sakan da dama, balle a gidan kami inda manyan itatuwa su kan rufe rana. Abin da ya tsaya cik shi ke fitowa. Wanda ya ɗan motsa ya fito dishi-dishi kamar hayaƙi. Wanda ya wuce da sauri kuwa ba ya fitowa ko kaɗan, sai ka ce bai taɓa bi ta wurin ba. Duk wanda mai hoto ya taɓa ce wa kada ya motsa ya san ɗan wannan wahala, sai dai tasu ta ninka tamu.

Ka ga ke nan akwatin ya kan zaɓi dutse da katako, ya zubad da mutane. Mai rusunawa, da mai tafi, da mai kaɗa ƙararrawa, watau ainihin masu ibada, su ne farkon waɗanda ya ke sharewa.

Mutumin da sunansa ya fi fita a wannan aiki shi ne Felice Beato, haifaffen Italiya mai takardar zama ɗan Ingila. Kafin ya zo Japan ya riga ya bi yaƙe-yaƙe da akwatinsa, a Kirimiya, da Indiya, da Sin. Daga baya ma, a 1885, ya bi rundunar Ingila da ta hau Kogin Nilu a Sudan. Ya sauka Yokohama a 1863, shekara huɗu bayan an buɗe tashar ga jiragen Turawa. A lokacin baƙo ba shi da ikon ya yi nisa da tashar fiye da kamar mil 25, in kuwa za shi Edo, birnin da yanzu a ke kira Tokyo, sai cikin tawagar wani jakada, da dogarai gaba da baya. Zaman ba na lafiya ba ne, gama akwai mayaƙa da yawa da su ke ganin shigowar Turawa ƙazanta ce ga ƙasar kami. A watan Nuwamba na 1864 aka sare hafsoshin Ingila biyu, Baldwin da Bird, a Kamakura, kan hanyar da ta nufi gidan kami na Hachiman, bayan kuwa sun gamu da Beato a ranar nan kafin su isa. Daga baya ya ɗauki hoton wurin da aka kashe su, ya sa cikin kayan sayarwarsa. To, mai karatu ya auna da kansa. Ga Bature da baƙar tanti, da warin magani, da dogarai, ya kafa akwati mai ƙafa uku a bakin wurin ibadar mutane. Ga kuma camfin da ya bazu a lokacin, cewa hoto yana rage kwana, in kuwa mutum uku suka tsaya tare na tsakiya ne zai riga mutuwa. Wace tsohuwa ce za ta tsaya? Wannan shi ne dalili na biyu. Waɗanda akwati bai share ba, tsoro ya kore su.

Sai mu tambaya, su wane ne mutum biyu ko ukun nan da su kan fito? Dubi yadda su ke tsayawa. Ɗaya a gindin ginshiƙi, ɗaya a tsakiyar matakala, ɗaya zaune a kan dutse yana duban gefe, kowa a daidai inda ido ke bukatarsa. Masu ibada ba su tsayawa haka. Mafi yawansu yaran mai hoto ne, ko 'yan dakonsa, ko mai jan kekensa, ko wani mai shayi da aka roƙa. Aikinsu shi ne su zama ma'auni, don mai kallo ya san tsawon ƙofa da girman itace. Yawancinsu ma sun ba gidan kami baya suna fuskantar akwati, abin da mai roƙo ba zai yi ba.

Akwai wani gidan kami a Edo bisa tudun Atago, wanda aka gina a 1603 don neman tsari daga gobara. Matakalarsa 86 ce, a miƙe kamar tsani, har a kan ba da labarin wani barde da ya hau ta a kan doki a 1634 don ya tsinko wa Shogun furen itace, ya sami girma sabo da haka. Bisa tudun akwai rumfunan shayi, mutanen birni su kan hau su sha iska su hangi teku. Daga nan ne Beato ya ɗauki hotonsa mai faɗi na birnin Edo wajen 1865, ya jera gilasai da dama gefe da gefe. Hoto ne na ban mamaki, rufin gidaje har iyakar gani. Amma birnin nan mai mutum wajen miliyan ɗaya ya fito shiru kamar an yi annoba.

Duk da haka ban zo don in zubad da hotunan nan ba, gama akwai inda suka yi abin da babu mai zanen da zai yi. Misalin da ya fi kowanne shi ne na Kamakura. Gidan kami na Hachiman da ke can, Minamoto no Yoritomo ne ya mai da shi inda ya ke yanzu a 1180. Cikin hotunan da Beato ya ɗauka a wurin akwai na wata babbar hasumiya ta katako, mai rufi hawa biyu, ƙasa murabba'i, tsakiya a kewaye, da tsini a bisa. Wannan irin gini na addinin Buddha ne tsantsa. Me ya kawo shi tsakiyar gidan kami? Amsa ita ce, shekaru fiye da dubu addinan nan biyu a cuɗe su ke. Shi kansa Hachiman a kan kira shi da laƙabin Buddha, masu kula da gidan kuwa sufayen Buddha ne. Sai a 1868, da mulkin Shogun ya faɗi aka mai da iko hannun Sarki Meiji, sabuwar gwamnati ta ba da doka a raba kami da Buddha. A 1870 aka rushe hasumiyar nan da sauran gine-ginen Buddha da ke filin, gumakan da ke tsaron ƙofa aka kai su wani haikali, sufaye kuwa suka tuɓe rigunansu. Yau wanda ya je Kamakura ba zai ga hasumiya ba, zai kuwa iya komawa gida da zaton haka gidan ya ke tun fil azal. Hoton Beato ne ke tsaye yana ƙaryata wannan zato. Bai ɗauke shi don ya zama shaida ba, bai kuma san za a rushe ginin ba. Ya ga abu mai kyau ne wanda zai sayu. Amma gilashi ya riƙe abin da gwamnati ta so a manta.

A nan sai in ɗan kare Turawan nan daga wani zargi. A kan yi musu dariya wai ba su san bambancin gidan kami da haikalin Buddha ba, don a rubutun da su kan sa ƙarƙashin hoto kalma ɗaya su ke kiran duka biyu da ita. Gaskiya ne baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma rubuce-rubucen nan cike su ke da kurakurai. Amma a kan wannan, kafin 1868 su kansu masu wurin ba su ja layin nan da ƙarfi kamar yadda aka ja shi daga baya ba. Mai dariyar yana auna jiya ne da mudun yau.

Haka kuma wani tsohon itace da ke gefen matakalar gidan, wanda a kan ce a bayansa ne wanda ya kashe Shogun Sanetomo a 1219 ya ɓuya. Yana cikin hotuna da yawa na wancan zamani. Iska ta tumɓuke shi a watan Maris na 2010.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin na farko laifin akwati ne, na biyu laifin zamani, amma wannan da gangan aka yi shi. Wa ke sayen hotunan? Ba mutanen Japan ba. Daga 1867 jiragen ruwa suka fara zirga-zirga tsakanin Amurka da Yokohama, a 1869 aka buɗe mashigin Suwez, a 1872 kuwa Thomas Cook ya ratso ta Japan da ayarinsa na farko na masu kewaya duniya. Irin waɗannan baƙi su kan yi mako biyu ko uku, su shiga shagon hoto a Yokohama, a ba su littafin samfuri, su zaɓi lamba kaza da lamba kaza, a haɗa musu kundi mai bangon katako baƙi mai ƙyalli. Waɗansu tun ran da suka sauka su ke saye, kafin su ga ko wuri ɗaya. Hotunan a kan buga su a takardar da aka shafa wa farin ƙwai, sa'an nan masu fenti na Japan su bi su da buroshi suna sa launi da hannu, ja a ƙofa, kore a ganye, shuɗi a sama. Aikin nan na fenti gwaninta ce ta gaske, mai kyau ɗaya ya kan ci sa'o'i. Amma a tuna, mai fentin yana zaune ne a shago, sau da yawa bai taɓa ganin wurin ba.

Baƙon nan ba ya son ganin waya, ko jirgin ƙasa, ko ɗan Japan da kwat da hular Turawa, ko da ya ke duk suna nan, jirgin ƙasa ma tun 1872 ya ke gudu tsakanin Tokyo da Yokohama. Tsohuwar ƙasa ya biya kuɗi ya zo gani, wadda ba ta sākewa. Sai aka ba shi abin da ya ke so. Tun da masu ziyara na gaske ba su tsayawa, sai aka ƙirƙiro su a cikin shago. Akwai wani hoto da ya yi suna ƙwarai, na mai ziyarar Dutsen Fuji, da fararen tufafi, da malafa, da sanda. Ka duba bayansa da kyau, dutsen nan zane ne a jikin labule. Haka a kan yi hoton mai hidimar gidan kami da doguwar hularsa, a cikin ɗaki, ba gidan kami ko kusa. Masu bin diddigi sun sha gano fuska ɗaya a hotuna daban daban, yau mutum yana wannan sana'a, gobe an sāke masa tufafi yana waccan. Masu hawan Fuji na gaske kuwa ƙungiya ƙungiya su ke tafiya, da shugabansu, suna addu'a da ƙarfi, a kan buga musu hatimi a riga ko a sanda a zangon hanya, kuma har 1872 ba a yarda mace ta kai ƙololuwa ba. Ba ko ɗaya daga cikin wannan da za ka koya daga mutumin da ke tsaye shi kaɗai gaban labule.

Abin ya ƙara rikicewa da yadda gilasan su ke sāke hannu. Gobarar da ta ci Yokohama a ƙarshen 1866 ta ƙone shagon Beato, ya sāke tara waɗansu, a 1877 ya sayar wa kamfanin wani Bature mai suna Stillfried. Daga nan waɗansu suka faɗa hannun Adolfo Farsari a 1885, waɗansu kuma hannun Kusakabe Kimbei, wanda dā yaron shagon Beato ne mai sa launi, ya buɗe nasa shagon a 1881. Kowa ya buga ya sa sunansa. Sabo da haka baƙon da ya sayi kundi a 1895 ya kan tafi gida da hoton da aka ɗauka shekara ashirin da suka wuce, yana nuna wa iyalinsa wai ga Japan yadda ya gan ta. Ga kuma wani abin dariya. Babbar ƙofar nan ta Itsukushima da ke tsaye cikin ruwan teku, mai tsawon ƙafa hamsin da wani abu, wadda ba kundin da ya cika sai da ita, a 1875 aka kafa ta a madadin wadda ta gabace ta. Mai saye yana kallonta yana jinjina tsufanta, alhali ya girme ta.

Kada a ce wannan halin Turawa ne kaɗai. Kimbei ɗan ƙasa ne, ya kuwa fi kowa iya wannan ciniki. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, ɗan kasuwa ne, abin da a ke nema ya kasa. Abin da na ke ƙi shi ne a ɗauki kayan tsaraba a mai da su littafin tarihi. Domin a daidai shekarun da kundayen nan ke nuna gidan kami shiru ba abin da ke taɓa shi, a lokacin ne aka fi jujjuya shi. A 1869 aka kafa wanda daga baya, a 1879, aka sa wa suna Yasukuni, don waɗanda suka mutu a yaƙin sarki. A 1871 gwamnati ta ce gidajen kami wuraren bikin ƙasa ne, ta jera su daraja daraja, ta hana gadon hidimarsu daga uba zuwa ɗa. A 1895 aka gina sabo fil a Kyoto, watau Heian. Wannan tafiya ce ta kai ga addinin gwamnati wanda ba a warware shi ba sai a watan Disamba na 1945, bayan Japan ta sha kashi a yaƙi. Mai duban kundin Yokohama ba zai ji ko ƙyas na wannan ba.

Akwai dai waɗansu 'yan ƙasa da suka ɗauki hoto da wata niyya dabam. Yokoyama Matsusaburo ya yi aiki a Nikko, inda aka binne Tokugawa Ieyasu aka kuma mai da shi kami, a 1872 kuma ya bi ma'aikatan gwamnati da aka aika su ƙidaya tsofaffin kayan tarihi a Kyoto da Nara, don an ga ana ta rushewa ana sayarwa. Hotunansa ba su da kwalliya irin ta Yokohama. Su ma ba jama'a a cikinsu, amma shi bai ce ya nuna jama'a ba. Gini aka aike shi ya ɗauka, gini ya kawo.

Wani labari kuma ya juya maganar gaba ɗaya. Akwatin hoto na farko ya shigo Nagasaki ta hannun mutanen Holanda a 1848, ya ƙare a gidan Shimazu Nariakira, mai mulkin ƙasar Satsuma. Barorinsa suka yi shekaru suna fama da shi, sai a watan Satumba na 1857 ɗaya daga cikinsu, Ichiki Shiro, ya yi nasarar ɗaukar ubangijinsa a kan falon ƙarfe mai ruwan azurfa. Shekara ta kewayo Nariakira ya rasu, aka ɗaukaka shi ya zama kami, aka gina masa gidan Terukuni a Kagoshima, hoton nan kuwa ya zama abin girmamawa a can. Daga baya ya ɓace, sai a 1975 aka tsince shi a wani ɗakin ajiya. Shi ne hoto mafi tsufa da ya rage wanda ɗan Japan ya ɗauka. Ashe tun kafin Beato ya kafa akwatinsa a bakin torii yana leƙe daga waje, hoto ya riga ya kama hanyar shiga ɗakin ciki.

Mutane sun fara komowa cikin hoto ne sa'ad da busasshen gilashi ya iso a shekarun 1880, wanda a kan saya a shirye, ya kuma ɗauki abu cikin ƙiftawar ido. Wani mai hoto na Tokyo, Esaki Reiji, ya nuna ƙarfinsa a 1883 da ya kama fashewar nakiya a Kogin Sumida, ruwa na tsaye a sama. Daga 1900, da aka yarda wa 'yan kasuwa su buga katin gidan waya mai hoto, sai masu saye suka zama 'yan ƙasa, su kuwa bikinsu su ke so su gani, da cunkoso, da masu ɗauke da karagar kami a kafaɗa. A tagwayen hotunan nan da a ke kallo ta cikin tabarau, irin waɗanda Enami na Yokohama da Herbert Ponting na Ingila suka ɗauka a farkon ƙarni na 20, za ka ga yara goye da ƙannensu a filin gidan kami, da 'yan makaranta, da mai laima irin ta Turawa. Wajen tsari ba su kai na Beato ba, wani ya shiga gaban wani, wani ya juya ƙeya. Ni dai na fi yarda da su.

Amma in aka ce in zaɓi mutum ɗaya daga cikin hotunan farko in ce wannan mai ziyara ne na gaske, ba zan zaɓi wanda ya fito sarai ba. Zan nemi ɗan dishi-dishin nan da ke gefen matakala, ko inuwar da ke gaban akwatin kuɗi, wadda a ke hango dutse ta cikinta. Masu shago suna ganinta aibi ce, mai fenti ma ya kan yi ƙoƙari ya rufe ta. Wannan ba wanda ya biya shi, ba wanda ya ce masa tsaya nan. Ya zo don bukatarsa, ya ɗan dakata gwargwadon yadda gilashi ya kama rabinsa, ya wuce.

Saura ɗakin ciki. Gidan Ise, na Amaterasu kami na rana wadda gidan sarauta ke danganta kansa da ita, yana kewaye da shinge huɗu, a kan kuma rushe shi a gina sabo a filin da ke gefensa kowace shekara ashirin. Masu hoto na ƙarni na 19 ba abin da suka samu sai shinge da kan rufi. Ginin da ya kamata a yi a 1949 aka jinkirta shi sabo da halin da yaƙi ya bar ƙasar, sai a 1953, a nan ne aka bar Watanabe Yoshio ya shiga cikin shingen da akwatinsa. An yarda masa ne a 'yan kwanakin da sabon gini ya ƙare amma ba a riga an ƙaurad da kami zuwa cikinsa ba, watau gida ne wanda mai shi bai tare ba tukuna. Hotunansa sun zaga duniya, masu gine-gine na zamani suka yi ta yabon farin katako da rufin ciyawa. Akwatinsa yana iya kama mai gudu, amma shi ma bai sa mutane ba. An sāke ginin karo na 62 a 2013, miliyoyi suka je a shekarar, kusan kowa da kyamara a aljihu. Su kan ɗauki gada, da kogi, da itatuwa, da junansu, har su iso gindin matakalar dutse da ke hawa zuwa babban gidan. Daga nan doka ta hana, sai kowa ya mai da tasa aljihu ya hau.